Buhu Goma a Kan Soro

An ce wai a wani gari an yi wata mata mai suna Ladidi, mai sana'ar ƙuliƙuli. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya guda, Sahura. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba, sai dai shekara goma sha biyu suna zaman haya. Da Allah ya hore mata abin sayen gida, sai aka nuna mata guda biyu: na Alhaji Barau, wanda ya sha sabon yaɓe da farar ƙasa, da na Tanimu, tsoho mai dusasshen bango.

Ladidi ta kira Mati, dattijon magini, ya duba mata su. Ya zagaya da sandarsa, ya sa aka rubuta abin da ya gani. Da yake Ladidi ba ta karatu, Sahura ce ta karanta mata. Gidan Tanimu aibi goma sha ɗaya: ƙofa na kuka, indararo ya karkace, daɓen tsakar gida ya fashe, da sauransu. Gidan Barau layi ɗaya tak: gara ta cinye cikin azarar ɗakin kwana.

"Inna, ai ɗaya ya fi sha ɗaya sauƙi," in ji Sahura. Amma Mati ya ce a ɗauki na Tanimu. Da Barau ya ji, sai ya kai ƙarar Mati wajen alƙali, wai ya ɓata masa ciniki.

Alƙali mutum ne mai son sanin yadda abu yake. Ya ce, "Mati, azarar nan a rufe take da yaɓe. Da wane ido ka ga cikinta?"

"Allah ya gafarta Malam, da kunne na gani. Azara mai lafiya in ka ƙwanƙwasa ta, amsarta da nauyi. Wannan kuwa kamar ganga."

Barau ya yi dariya. "Tsoho, yaushe kiɗa ya zama shaida?"

Alƙali ya auna lamarin. In ya sa a fasa rufi, ya ɓata dukiyar mutumin da mai yiwuwa yana da gaskiya. In ya ƙyale, mai yiwuwa ya tura uwa da 'ya cikin kabari. Can sai ya ce, "A garin nan kowa a kan soro yake shanya hatsi. A ɗora buhu goma na gero a kan ɗakin, Alhaji ya shimfiɗa tabarma a ciki ya zauna har la'asar. In rufi ya riƙe, Mati ya biya shi diyya. Haka za a yi wa gidan Tanimu."

Tanimu ya ce, "A ƙara biyar, Malam. Dama barci nake ji."

Barau ya gyara hula, ya dubi ƙasa. "Allah ya gafarta Malam, a fara da buhu biyu mana. Kuma ni sai in tsaya a bakin ƙofa."

Majalisa ta kwashe da dariya, aka sallami Mati.

Sahura ta matso ta durƙusa. "Malam, to aibi sha ɗayan nan na gidan Tanimu fa? Ƙarya ce?"

"Gaskiya ce, 'yata. Karanto su ɗaya-ɗaya. A kan kowanne ki tambayi Mati: in aka bar shi har damina, me zai faru?"

Ta karanto. Ƙofa za ta ci gaba da kuka. Daɓe zai tara ruwa. Indararo ne kawai Mati ya ce a gyara kafin ruwan farko, kuma aikin yini guda ne.

Alƙali ya ce, "Kin gani. Gidan da aka rubuta miki aibinsa kaɗan ba lallai ya fi wanda aka rubuta da yawa alheri ba. Aibin gida auna shi ake yi, ba a ƙirga shi."

Ladidi ta sayi gidan Tanimu. Sahura kuwa ta gane cewa a takardar duban gida, layin da za a fara nema shi ne na abin da zai iya faɗo wa mutum a ka.