Kalmar da Ta Kusa Sa Kafinta Ya Fasa Ƙofarsa

Akwai wani kafinta da wata baƙuwa mai gina otal ta sa ya yi mata ƙofar gwaji. Ta ce in ta yi mata, shi za ta ba aikin duk ƙofofin otal ɗin.

Ya zage ya sassaƙa ganyaye a jikin katakon, ya goge shi har yana ɗaukar ido. Da matar ta zo, ta daɗe tana shafa ƙofar, ta girgiza kai ta ce, "Terrific." Sai aka kira ta a waya, ta shige mota ta tafi.

Kafinta ba ya jin Turanci. Ya garzaya wurin yayansa, wanda ake wa laƙabi da Ƙamus saboda ba ya taɓa cewa bai sani ba.

Ƙamus ya taɓe baki. "Ƙanena, ka sha ƙasa. Kalmar nan daga tsoro ta fito. Nufinta aikinka abin firgita ne."

Kafinta ya koma shago zuciyarsa na tafasa, ya ɗauki guduma zai farfasa ƙofar. Matarsa, da ta kawo masa abinci, ta riƙe hannunsa.

"Maigida, wanda ya ƙi abu ba ya tsayawa shafa shi. Mu tambayi Malam tukuna."

Malam maƙwabcinsu ne, tsohon malamin Turanci. Yana jin kalmar ya yi dariya har da tafa hannu.

"Yayanka rabi ya sani. Asalinta daga harshen Latin ne, kuma da can abin tsoro take nufi. Amma yau yabo ce babba. Ba ka cewa abu ya yi mugun kyau? To, ina mugunta a ciki? Abin da matar ta ce ke nan."

Kafinta ya fito da gudu, takalmi a hannu, yana ba duk wanda ya gamu da shi labari.

Da safe baƙuwar ta dawo da tafinta, aka ba shi aikin gaba ɗaya. Ƙamus na gefe yana sosa ƙeya. A hankali ya ce, "Ƙanena, raka ni wurin Malam ɗin nan."

Darasi: Kada ka rushe aikinka a kan fassarar mai rabin sani. Ka yi haƙuri ka tambayi wanda ya sani. Tura wa wanda ka san yana saurin fushi.