Tuban da Ke Neman 'Yan Kallo

An yi wani mutum a garinmu, can gefen Gboko, wanda kuka ba ya yi masa wuya. Ba zan faɗi sunansa ba. Tun kafin in miƙe matar fasto ta ja mini kunne, ta ce, "Mama, wa'azi aka ce ki yi wa zumuntar mata, ba gulma ba." To, na ji. Amma in akwai wadda ta san gidan nan na bayan injin niƙa, mai bishiyar lemo a ƙofa, ni dai ban ce komai ba.

Ya 'yan uwa, ku yaran yanzu ba ku tarar da zamanin farkawar ikilisiya ba. A lokacin, in an gama wa'azi sai a ba da fili. Duk wanda zunubi ya hana shi sukuni ya miƙe ya faɗe shi da bakinsa a gaban ikilisiya. Yana rufe baki mata su ɗauki waƙa, maza su amsa, a taso a rungume shi, a ce ɗan'uwa ya dawo gida. Abu ne mai kyau, kada wata ta ce na kushe. Da idona na ga ƙaton namiji ya jawo akuyar da ya sata har ƙofar mai ita. Ni kuwa kullum a gaba-gaba nake zama, saboda kunnena na hagu ba ya ji sosai, kuma ba na so tuban wani ya wuce ni.

Mutumin nan mashayi ne a da. Ranar da ya fara miƙewa, tuban gaske ya yi, wannan zan shaide shi. Majina na zuba, ya faɗi yadda burukutu ya cinye masa gona. Muka yi waƙa har kwanon rufin coci ya amsa. Aka rungume shi, aka kai masa sakwara gida, fasto ya yi ta ba da misali da shi.

To, a nan ne Shaiɗan ya sami ƙofa. Mutumin ya ɗanɗana, ya ji ashe tuba na da zaƙi.

Bayan ɗan lokaci ya sake miƙewa. Ya kuma sakewa. Har muka saba, da an ba da fili sai mu waiga inda yake. Akwai wata kazar Mama Kumawuese da ya sata tun yana saurayi. Da farko kaza ce. Da ya sake tuba a kanta ta zama zakara. Kafin a daɗe ta kusa zama talotalo. Aka riƙa ɗaukarsa zuwa ƙauyuka yana ba da shaida, ana ajiye masa kujera kusa da dattawa. Giya kam ya bari. Amma me ya kama a madadinta? Waƙar jama'a ta zama giyarsa.

Yana da aboki tun na ƙuruciya, sunansa Terkura. Manomin doya ne, mai shiru, wanda in ya gaishe ki ya gama maganar yini. Terkura na auren Nguvan, 'yar Baba Iorbee. Kowace shekara sai ya gama tara wa surukinsa kunyar doya tukuna ya taɓa tasa gonar. Mukan tsokane shi a hanyar rafi, mu ce, "Terkura, me Nguvan ta zuba maka a miya? Sadakin bai ƙare ba ne har yanzu?" Sai ya yi murmushi ya wuce.

Gidan Baba Iorbee kuwa akwai tsohon tabo, kowa ya sani. Wani rani, shekaru da yawa baya, samari sun sa wa daji wuta don farautar gafiya, yadda aka saba. Iska ta juya, wutar ta faɗa gonarsa, ta kama bukkar doya. A cikin bukkar akwai ƙaramar 'yarsa, Iveren, tana barci. Nguvan aka bar wa tsaronta, ita ma yarinya ce a lokacin, ta bi ƙawaye tsinkar mangwaro. Ba a taɓa sanin wanda ya sa wutar ba. Nguvan ta girma tana cewa ita ta kashe ƙanwarta. Har ta yi aure ta haihu, in ta ga hayaƙi a daji sai ta ajiye abin da ke hannunta ta shige ɗaki.

Ana nan sai wani baƙo ya zo mana daga wajen Zaki Biam, tsohon ɗan fashi da ya karɓi Yesu. Wannan in ya fara ba da shaida har riga yake ɗagawa a ga tabon harsashi. Waƙar da aka yi masa, sai da jarirai suka farka. Mutuminmu ya miƙe bayansa, ya ce ya yi fushi da akuyarsa ya zage ta. Aka yi masa waƙa, amma irin ta masu jin yunwa. Na ga fuskarsa da ya zauna. Na ce a raina, wannan tukunyarsa ta ƙare, saura ƙanzo.

Ashe ƙanzon ba nasa ba ne shi kaɗai.

Ranar Lahadin godiyar kaka, coci ya cika har waje, ga doya jibge a gaban bagade, kowa ya sha zanensa na gargajiya mai baƙi da fari. Da safiyar nan, ku riƙe wannan, a gidan Terkura mutuminmu ya karya. Nguvan ce ta zuba masa ruwan wanke hannu. Tare suka taho coci suna hira. Bai gaya wa Terkura abin da ya ƙudurta ba.

Da aka ba da fili ya fito har gaba. Ya durƙusa, ya bugi ƙirji, hawaye kamar an buɗe famfo. Ya ce, "'Yan uwa, akwai nauyin da na daɗe ina ɗauke da shi. Wutar da ta ci 'yar Baba Iorbee, ina wurin. Mu biyu ne. Ni da ɗan'uwana Terkura. Shi ya ƙyasta ashana, ni na tsaya ina kallo. Da muka ji ihu muka gudu, muka yi rantsuwa ba za mu faɗa ba. Yau Ruhu ya ce in fasa rantsuwar."

Ya rufe ido, ya buɗe hannuwa, yana jiran waƙa.

Babu wadda ta ɗauka. Har kukan kajin da aka kawo baikon godiya ga Allah muna ji.

Baba Iorbee ya dafa sandarsa ya miƙe. Tsoho ne tukuf a lokacin, muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ko ni mai kunne ɗaya na ji shi sarai. Ya ce, "Yaro, buɗe idonka ka dube ni. Kana tsammani labari ka kawo mini? Terkura ya same ni a gona tun kafin ya nemi 'yata. Ya kwanta a ƙasa ya ce shi ne. Na ɗaga fartanya, Allah ya riƙe hannuna. Na yi damina ban amsa gaisuwarsa ba, sannan na yafe masa, domin ni ma yafe mini aka yi. Amma ranar wutar na ga sawun mutum biyu a toka. Na tambaye shi, na sake tambaya, wa ke tare da kai? Ya ce shi kaɗai ne. Shekara da shekaru yana rufa maka baya. Kai kuma yau ka tuɓe shi a kasuwa don a yi maka waƙa."

Sai ga muryar Nguvan daga ɓangaren mata. "Baba, ka sani?"

"Na sani, 'yata. Ni na hana shi gaya miki."

Ta juya ta dubi mijinta. Ta ce, "Kana kwance kusa da ni ina kuka ina cewa ni ce. Kana shafa mini baya." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ta ɗauki goyonta ta bi ta tsakiyar coci ta fita, mutane na buɗe mata hanya.

Terkura bai ɗaga kai ba.

Ya 'yan uwa, ko Baba ya yi daidai da ya ɓoye mata? Ni ban sani ba. Wani lokaci in ce ya yi, wani lokaci in ce bai yi ba. Ya ga kamar yana tsare mata aure ne, ya manta da abin da ke cin zuciyarta. Amma ko da ya kamata ta ji, a haka za ta ji? A gaban surukai da 'yan kallo da ɗan fashin Zaki Biam? Magana zarar bunu ce. Wanda ya zare ta ranar, ba don Nguvan ya zare ba, ba kuma don yarinyar da ta mutu ba. Ko sunan Iveren bai ambata ba.

Fasto da dattawa suka kira mutumin. Ba su kore shi ba, ku lura. Suka ce abu ɗaya ake nema gare shi: ya je gidan Baba Iorbee, ya je wurin Terkura, ya nemi Nguvan inda take, shi kaɗai, ya durƙusa ya roƙi gafara. Kafin nan, ba zai ƙara miƙewa a coci ba.

Ya ce, "Fasto, ai gaskiya na faɗa. Ko gaskiya ma ta zama laifi yanzu?"

Fasto ya ce, "Wa ka faɗa wa, Allah ko mu?"

Mutumin ya ce in gafara ce, a bar shi ya roƙa ran Lahadi, kowa ya shaida. Aka ce a'a, gida za ka bi su. Tsakanin gidansa da na Terkura ko tulu ba a saukewa a huta. Bai je ba.

Ya koma wani coci a wani ƙauye, labarinsa ya riga shi isa. Ya koma wani, haka. Wa zai yarda ya zauna kusa da shi? Kowa na da abin da ya taɓa gaya wa aboki. Da ya rasa masu saurare a gidan Allah, sai ya samo su a gidan burukutu. Mashaya su ce, "Ɗan'uwa, tuba mana guda ɗaya mu cika maka ƙwarya!" Ya tsuguna ya yi musu kuka, su buga benci su yi masa waƙar coci da muryar maye, suna dariya. Ciyawa ta cinye gonarsa. Matarsa ta gaji ta koma gidansu. Daga baya aka ce an gan shi a tashar mota a Gboko, ƙafafu sun kumbura, yana kwana a gindin rumfa.

Nguvan kuwa ta daɗe a wurin gwaggonta a Katsina-Ala. Saboda yara ta dawo. Tana dafa wa Terkura abinci, suna noma tare, amma dariyar nan tata da ake ji tun daga rafi, ban ƙara jin ta ba. Baba Iorbee ya mutu suna gaisuwa kawai da 'yarsa. Wannan duk aikin baki ɗaya ne.

Amma ku ji abin da Terkura ya yi. Da ya ji halin da abokinsa ke ciki, ya sa aka daka sakwara, ya hau mota ya tafi. Ya same shi da rana tsaka a bayan tasha, ba kowa sai wata akuya da wani direba kwance a cikin motarsa. Direban ba barci yake ba, ɗan ƙanwata ne, kada ku ce ƙirƙira na yi.

Terkura ya tsuguna ya ce, "Abokina, tashi mu je gida. Na yafe maka. Akwai ɗaki."

Mutumin ya dubi hagu, ya dubi dama. Ya ce, "A nan?"

"A nan mana."

"Ka bari sai Lahadi. Ka miƙe a coci ka kira sunana, in fito, mu rungumi juna kowa ya gani."

Terkura ya ce, "Ga ni, ga ka, ga Allah. Wa kuma ya rage?"

Ya ce, "Ba mutane."

Terkura ya zauna da shi har inuwa ta juya, yana lallashi. Mutumin ya cinye sakwarar tas, ya suɗe kwano, ya ƙi tashi. Kafin ruwan farko ya sauka aka tsinci gawarsa a wurin. Terkura ne ya je ya ɗauko ta.

Ya 'yan uwa, me ya kashe mutumin nan? Wutar daji? A'a. Su biyu ke da hannu a wutar. Ɗaya ya kai zunubinsa inda ya yi ɓarna, ya kwanta a ƙasa ba mai kallo, aka ɗaga shi. Giya? Ya taɓa barin ta. Cin amanar aboki? Ko wannan an biyo shi da gafararsa har tasha, da zafinta, a cikin kwano. Babu zunubinsa ko ɗaya da ya fi ƙarfin jinin Yesu. Abin da ya hallaka shi, an miƙo masa alheri kyauta ya ce bai karɓa sai an tara masa jama'a.

Alherin Allah ba lada ba ne da ake biyan mai iya kuka. Da hawaye ke sayen sa, da mu mata mun saye sama tun tuni mun bar maza a waje. An riga an biya a kan gicciye, kuma wanda ya biya, babu mai yi masa waƙa a ranar. Naki kawai ki buɗe hannu. In ya same ki a coci, ki karɓa. In ya same ki a madafa, ko a bayan tasha tsakanin akuya da direba, ki karɓa.

In kuma za ki tuba, 'yar'uwa, ki tuba naki. Kada ki ɗauko zanen maƙwabciya ki wanke a dandali ki ce tsarki kike nema. Ina ganin wasu na sunkuyar da kai a baya can. Ban kira suna ba.

Ku rufe ido mu yi addu'a. Ya Uba, ka san abin da ke ƙarƙashin hawayenmu. Ka ba mu tuban da ba ya waige-waige. Ka warkar da waɗanda bakin 'yan uwa ya yi wa rauni, ka tuna da Nguvan. Ranar da gafararka za ta ƙwanƙwasa mana, ko ba kowa a wurin, ka ba mu ƙafar tashi. Allah ya kiyaye mu, mu da harsunanmu, cikin sunan Yesu. Amin.