Ranar da Furfura Ta Kife

Fintan Lavelle mutum ne mai ƙwazo, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Sai dai Allah ya jarrabe shi da gaggawa da raina ƙaramin abu. Tun yana yaro, in aka aike shi ɗebo ƙwai sai ya cusa su duka a aljihu don kada ya yi sawu biyu, ya iso gida wando na ɗiga. Da ya girma ya haye Ingila ya zama direban katafila a wurin gina manyan hanyoyi, sai halin ya samu taki. Duk injin da bai kai tsayin ɗaki ba, a wurinsa abin wasan yara ne. Ni Malachy maƙwabcinsu ne. Katangar dutse ɗaya ta raba gonakinmu, kuma filin da nake yankan tubalin wuta a fadama, wato baƙar ƙasar da muke busarwa mu ƙona a maimakon itace, yana jingine da nasu. Abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Bayan rasuwar mahaifinsu Eneas, ƙanwar Fintan, Nuala, ita ta riƙe gonar da tsohuwarsu Delia. Gonar ba wata babba ba ce. 'Yan shanu ne, da tumaki a kan tudu, da kunyoyin dankali a bayan gida, sai wata ƙaramar tsohuwar tarakta mai launin toka da ake kira Furfura. Eneas ya saye ta hannu na biyu a shekarar da jakinsa ya mutu, kuma aikin jakin ta gada. Tana huɗar dankali, tana yankan ciyawa, tana kai wa tumaki abinci har kan tudu, tana jan tirela a kan titi in ba a cika mata kaya ba. Abu biyu kawai marigayin ya hana. Ba a shiga da ita fadama da tirela, sai dai da ɗan akwatin da ake rataya mata a baya. Kuma in za a ja wani abu da sarƙa, a ƙarfen ƙasa ake ɗaurawa, ba a sama ba.

A shekarar da abin ya faru rani bai yi mana adalci ba. Ruwa ya yi ta zuba, tubalin da muka yanka daga baƙar ƙasar fadama muka jera ya ƙi bushewa, kowa a yankinmu yana kallon sama yana tsaki. Ga Delia kuma ƙirjinta ya matsa mata. Nas ɗin da ke zuwa duba ta ta faɗa wa Nuala ba ɓoye-ɓoye cewa in gidan bai samu wuta dare da rana ba a hunturun nan, to sai a kai tsohuwar gidan kula da tsofaffi a cikin gari. Delia kuwa tun ranar da aka kawo ta gidan tana amarya wutar murhun nan ba ta taɓa mutuwa ba. Kullum takan rufe garwashin da toka, da safe ta tone ta hura. Ta ce da ta bar wannan murhu gara a fitar da ita a akwatin gawa. Tubalin kuwa ko saye babu inda za a saya, domin kowa nasa bai ishe shi ba.

Sai ga shi a farkon Satumba iska ta juya, rana ta fito, tubali ya bushe ƙarau. Rediyo ya ce kada mu saki jiki, ruwa na nan tafe kafin ƙarshen mako. A daidai lokacin Fintan ya zo ganin gida, da tikitin jirgin ruwansa na komawa a aljihu.

Na same su a tsakar gida Nuala tana rataya wa Furfura akwatinta. Fintan ya tsaya hannu a ƙugu.

"Wai da wannan kwandon za ki kwashe fadama guda?" ya ce. "Nuala, ko cokali zan ara miki, ya fi sauri?"

"Yaya, haka Baba yake yi," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Akwati ɗaya, sawu ɗaya, a juye a tirela a bakin titi. Kwana biyu ne mun gama."

"Ni ba ni da kwana biyun ɓatawa. Jibi jirgina zai tashi. A shiga da tirelar har gindin tubalin, a loda, a fito. Sawu biyu, shi ke nan."

Na sa baki, ko da yake ba a tambaye ni ba, don ba a taɓa tambayata ba kuma ban taɓa yin shiru ba. "Fintan, fadamar nan bushewar sama kawai ta yi. Ƙarƙashinta kunu ne. Abin da ya sa Furfura ke yawo a kanta, ba ta da nauyi."

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Baba Malachy, ni da nake tuƙa abin da tayarsa ɗaya ta fi ɗakin girkinka? Ku zauna ku sha shayi, ku bar aiki ga masu aiki."

Delia tana zaune bakin ƙofa da bargo a gwiwa. Ta ce, "Ɗan nan, ubanka bai fi ka ƙarfi ba, amma ya fi ka jin magana."

"Mama, Baba da jaki ya saba," ya ce, ya cire akwatin ya jefar gefe, ya ɗaura tirela.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Muka bi shi a ƙafa, ni da Nuala.

Shigar ta yi kyau, don tirelar babu komai a ciki. Wannan ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. Ya yi ta loda tubali yana fito, ya zaɓi mafi bushewa da mafi baƙi, irin wanda ke kwana yana ci. Nuala ta ce ya isa, ya ƙara. Ta sake cewa ya isa, ya hau sama ya tattake ya ƙara. Kusan rabin abin da suka yanka a shekarar ya hau kan tirelar nan.

Ya tayar da Furfura. Baiwar Allah ta yi iya yinta, ta ja kayan 'yan taku, sai ƙasa ta buɗe baki. Tayoyin tirelar suka nutse, ta karkata wajen ramin da aka yanke tubali, wanda ke cike da baƙin ruwa.

"Yaya, tsaya haka nan!" in ji Nuala. "Mu sauke kayan da hannu. Ba abin da ya lalace tukuna."

Gaskiya ta faɗa. Da ya tsaya a nan, da abin ya ƙare a ɓata yini ɗaya da 'yar dariyar da za a yi masa a bakin coci ran Lahadi. To dariyar ce ba ya so. Ya kwance tirelar, ya matsa da Furfura gaba inda ƙasa ta ɗan yi tauri, ya ɗauko sarƙa. Maimakon ƙarfen ƙasa, sai ya maƙala ta a sama, can bayan kujera, wai don hancin tirelar ya ɗago daga laka.

Na daka masa tsawa. "Kai Fintan! Sauke sarƙar nan ƙasa! Kife ka za ta yi!"

"Baba Malachy, matsa kada laka ta ɓata maka hula," ya ce.

Ya taka mai, ya saki kuloci gaba ɗaya. Tirelar ba ta motsa ba. Tayoyin Furfura na baya suka kama ƙasa, tun da kuma ba su iya yin gaba ba, sai Furfura ta ɗaga kai sama kamar akuya mai cin ganyen bishiya. Kafin in rufe baki ta kife ta baya. Fintan ya yi tsalle, amma bai tsira duka ba, ƙafarsa ta dama ta rage a ƙarƙashi. Fizgar sarƙar kuma ta ƙarasa tirelar, ta juye cikin ramin da duk abin da ke kanta.

Da a kan titi ne, da gawa muka ɗauko. Taushin fadamar da ya raina shi ya cece shi, don ƙafar ta lume cikin laka maimakon ta niƙe gaba ɗaya. Muka tona da shebur da hannu muka zaro shi, maƙwabtan da suka jiyo ihu suka ɗauke shi a kan tsohuwar ƙofa zuwa titi, motar asibiti ta tafi da shi garin Castlebar. Ƙafar ta karye a wuri fiye da ɗaya.

Na yi zaton Nuala za ta bi motar. Ba ta bi ba. Ta tsaya tana kallon tubalin da ke yawo a kan ruwa, sannan ta juya ta kalli wanda ya rage a jere, ta kalli yamma inda gajimare ya fara taruwa.

"Baba Malachy, likitoci sun fi ni sanin ƙafa," ta ce. "Ni abin da na sani shi ne Mama ba za ta bar gidanta ba. A taya ni tayar da Furfura."

Ta bi gida-gida ta kira gayya. Kowa yana da nasa tubalin a fadama yana jiran kwasa, amma mutane suka zo da igiyoyi da katako. Muka shimfiɗa katakon, muka ɗaura igiya, muka ja da ƙarfin tsiya har Furfura ta koma kan ƙafafunta. Sitiyarin ya lanƙwashe, kujerar ta karkace, bututun hayaƙi ya karye. Wani ya ce a tayar da ita mu gani. Nuala ta ce a'a, mai ya bi inda bai kamata ba, sai ya kwanta. Ta cire fulogi ta wanke, ta share laka, ta canza mai, ta bar ta ta huta, alhali kowa na ganin hadarin yana matsowa. Ban taɓa ganin haƙuri mai ciwo irin wannan ba.

Washegari da safe ta murza makulli. Furfura ta yi tari, ta yi shiru. Nuala ta sake murzawa. Sai Furfura ta tofar da baƙin hayaƙi ta kama. Wallahi sai da na cire hula.

Nuala ta mayar mata da ɗan akwatin da aka jefar. Ta fara sawu. Ta cika akwati, ta bi sawun da ubanta ke bi a hankali, ta juye a tirelata da na ajiye a bakin titi, ta koma. Ni ina lodi, matata Attracta tana kawo mana shayi da burodi da man shanu. Sitiyarin da ya lanƙwashe ya fasa wa Nuala tafin hannu, ta naɗe da tsumma ta ci gaba. Da yayyafi ya fara, na ce ta huta.

"In na huta, ruwan zai huta?" ta ce, ta sa giya.

Akwatin ƙarshe ya fito ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka rufe tarin da tamfol. Duk abin da Fintan bai taɓa ba ya iso gida a bushe. Abin da ya loda kuwa ya koma laka a cikin rami, har tirelar sai da bazara ta zagayo aka ciro ta.

Rabin tubali ba ya ɗumama gida guda. Nuala ta jawo gadon Delia zuwa ɗakin girki kusa da murhu, ta rufe sauran ɗakunan, ita kanta ta riƙa kwana da rigar sanyi. Nas ta zo, ta taɓa bango, ta saurari ƙirjin tsohuwar, ta ce to, a bar ta.

Fintan ya dawo daga asibiti da sanduna biyu. Jirginsa ya daɗe da tafiya, aikinsa ma ya bi jirgin, domin ƙafar ba ta ƙara lanƙwasuwa yadda za ta taka katafila ba. Tun da ba ya iya fita, Nuala ta ba shi aiki ɗaya: ya zauna gefen murhu ya riƙa sa tubali ɗaya bayan ɗaya, kada ya sa na biyu sai na farko ya cinye, don tarin ya kai su ƙarshen sanyi. Mutumin da tun yana yaro ba ya iya sawu biyu, ga shi yana zaune yana jiran tubali ɗaya ya gama ci.

Wata rana da yamma na shiga gaishe su, na same shi ya ɗauki tubali biyu a hannu. Ya dube su, ya mayar da ɗaya cikin kwando. Delia tana kallonsa daga kan gado.

"Fintan," ta ce, "ka ce ba ka da kwana biyun da za ka ba mu. Ga shi ka ba mu hunturu guda."

Ya sunkuyar da kai, na ga hawaye ya sauka a kan hannunsa. Na ji tausayinsa, duk da haushin da ya ba ni. Wutar ba ta mutu ba, Delia ta ga furannin bazara daga bakin ƙofarta. Fintan kuwa har yau yana ɗingishi, kuma shi ke cika wa Nuala akwati in za ta fita da Furfura.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kowane abu yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, ko inji ne, ko ƙasa, ko mutum. Ƙaramin abu yakan yi babban aiki in an bi shi a kan ƙarfinsa, yakan kuma jawo babbar asara in an ɗora masa abin da ya fi shi. In waɗanda suka riga ka sanin wuri suka ce kada ka yi, ka tambayi dalili kafin ka yi dariya. In kuma ka yi kuskuren farko, ka tsaya nan, kada kunya ta tura ka cikin na biyu. Sauri ya haifi nawa: Fintan ya ƙi ba da kwana biyu, ya biya da ƙafarsa da sana'arsa, Nuala kuwa da akwati ɗaya-ɗaya ta riƙe uwarta a gidanta.