Maniru Da Gaurakin Fadamar Kajiji

Akwai wani mai gyaran keke a Bodinga ana ce masa Maniru, a zamanin mulkin farar hula na biyu, lokacin da tsadar rayuwa ta fara shaƙe mutane. Sabulu da madara sai an yi layi, shinkafa kuwa sai gidan wane da wane.

Maniru yana da wani hali da ba a saba gani ba, wato son kallon tsuntsaye. Tun yana ƙarami idan aka tura shi korar tsuntsu a gonar gero, sai ya shagala da kallonsu har su ci su ƙoshi. Ya girma, ya yi aure, halin bai bar shi ba.

Wata rana ya je Sakkwato sayen kayan keke, ya tarar wani ɗan gwanjo ya baza kayan wani Bature injiniya da kwangila ta ƙare masa ya koma ƙasarsu. Cikin kayan akwai madubin hangen nesa mai ƙafa uku. Ƙafa ɗaya ta karye, gefen gilashin kuma ya ɗan tsage. Maniru ya kara ido, sai ga wata shirwa can nesa kan bishiya, har ƙwayar idonta yana gani.

Bai iya saye a ranar ba. Ya koma gida ya sayar da rediyonsa da ragon da yake turka, ya dawo ya yi ta ciniki har ɗan gwanjo ya gaji ya sallama.

Matarsa Rahamatu ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, rediyon da muka jin labaru kas sai da don wanga bututu?"

Ya ce, "Taho ki diba."

Ta sa ido ta ga cilakowa a kan kukar bayan gari tana gyara gashinta. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago sai ta ce, "To, ka dai gyara mishi ƙafa."

Ya gyara da ƙarfen tsohon keke. Tun daga nan, duk ranar da babu aiki sai ya ɗaure madubin a bayan kekensa ya nufi fadamar da ke wajen Kajiji. Can yake wuni yana kallon tsuntsayen ruwa, su dinya da zalɓe da kirinjijiya. A wata damina ya gano gauraki biyu sun yi sheƙa cikin wata duhuwar ciyawa, inda ba mai kaiwa. Bai faɗa wa kowa wurin ba sai matarsa.

To, a garin Shagari akwai wani ɗan kwangila mai ƙarfi a jam'iyya, Alhaji Ɗanbaba. Ya gina sabon gida, zaɓe ya ƙarato, manyan baƙi na zuwa, yana so a riƙa ganin gauraki suna takawa a tsakar gidansa. Maharba sun nema sun rasa. Sai aka ce masa ai akwai mai gyaran keken da ya san inda suke.

Ya aika aka kira Maniru, ya nuna masa sabon babur a ƙofar gida.

"Naka ne. Ka gwada ma yarana sheƙar, su kwaso min 'ya'yan."

Maniru ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, na gode. Amma ba ni iyawa."

"Ba ka san wurin ba?"

"Na sani. Ba ni dai gwadawa. Don in kalle su nis sayi madubina, ba don a kama su ba."

Fuskar Alhaji ta canza. Ya ce, "Kai mai faci, ni kaka ce ma a'a?"

Maniru ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri." Ya hau kekensa ya koma Bodinga.

Ba a yi nisa ba magana ta bazu a gari, wai Maniru matan mutane yake leƙe da madubinsa ta saman katanga. Yaran Alhaji ne suka shuka ta, kuma ta kama. Masu kawo gyara suka janye. Mata suka daina shiga gidan Rahamatu. Wanda ya ba shi wurin rumfa a bakin hanya ya ce ya kwashe kayansa.

Abokai suka ba shi shawara ya fasa madubin a gaban jama'a, ko ya je ya ba Alhaji abin da yake so. Rahamatu ce ta tare. Ta ce, "In ka fasa shi, ka amsa laifin da ba ka yi ba. In ka gwada sheƙar, sun saye ka. Mu sha kunu, ba mu mutuwa."

Maniru ya saɓa madubin da rana tsaka, ya ratsa kasuwa kowa na kallonsa, ya kai kansa gaban maigari. Ya kafa shi a ƙofar fada ya ce, "Allah shi ba ka nasara, ga abin da aka magana. Wanda nil leƙa gidanshi shi tashi shi faɗi, ga ni ga shi."

Babu wanda ya tashi. Sai wata dattijuwa mai tallar nono, Uwani, ta ajiye ƙwaryarta ta ce, "Rugarmu na bakin fadamar nan. Kullum muna ganinai cikin laka, sauro na cizonai, ya ba gari baya. Ko mu da muka wucewa ba ya ɗaga kai."

Maigari ya wanke shi. Amma rumfa ba ta dawo ba. Ya koma gyara a ƙofar gidansa, wani lokaci a wuni ko faci ɗaya babu. Shi kuwa Alhaji ya sa aka sayo masa manyan gauraki biyu daga wata ƙasa, aka yanke musu gashin fiffike.

Shekara na ƙarewa soja suka karɓi mulki. Aka fara neman 'yan kwangila, Alhaji ya tsallake iyaka. Yaransa suka watse, kowa da abin da ya iya ɗauka.

Bayan 'yan makonni Hajiya Atika, mahaifiyar Alhaji, ta aiko a kira Maniru. Ya tarar da gidan Alhaji fayau, gaurakin sun rame, ɗaya ko tsayuwa ba ya iyawa.

Tsohuwar ta ce, "Ɗana, na san abin da anka yi maka. Ba ni da bakin roƙonka. Amma ina tsoron alhakin bayin Allah ga."

Maniru bai ta da maganar abin da ya wuce ba. Ya kwashe gaurakin ya kai gidansa, Rahamatu tana ba su tsaki, shi yana kamo musu fara. Da ya lura tsohuwar ma ba ta da mai ɗebo mata ruwa, duk ranar kasuwa sai ya biya ya cika mata randa.

A lokacin sabon keke ya gagari kowa, kayan gyara ma babu. Duk mai tsohon keke sai ya nemi wanda ya iya haɗa wannan da wancan. Waɗanda suka guje shi suka dawo suna sunkuyar da kai, har layi ake yi a ƙofar gidansa.

Da gashin gaurakin ya fito, ya kai su fadama ya sake su. Suka yi ta takawa kamar ba su yarda ba. Can sai ɗaya ya ruga, ya buɗe fiffike ya tashi, ɗayan ya bi shi. Maniru ya tsaya cikin laka har suka ɓace, sannan ya koma gida, don mutane na jiransa da kekunansu.

Darasi: Kada ka sayar da abin da ka san daidai ne don tsoron mai ƙarfi ko kwaɗayin abin hannunsa. Za a yi maka ƙazafi, za a guje ka, amma ka tsaya. In kuma Allah ya juya al'amari, kada ka rama a kan marar ƙarfi. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda ake matsa wa yau yana bukatar jin wannan.