Gyaran Muryar Kawu Mai Guga

Akwai wani mai aski da ake kira Kanari, saboda Allah ya ba shi murya mai zaƙi, kuma muryar ce ta kusa kai shi ta baro. Ku gyara zama, mabiya wannan shafi. Labarin yau na mawaƙa ne, amma mawaƙan da ba su da ganga, ba su da jita, ba su da sarewa. Baki kawai.

Shagon Kanari yana tsakanin shaguna biyu. A dama akwai Tela. A hagu akwai wani dattijo mai wanki da guga da kowa ke ce wa Kawu. Ƙanin Tela kuwa direban babbar mota ne, in ya dawo daga tafiya a bencin ƙofar shagon aski yake yini.

Wata rana da hantsi aka ɗauke wuta, rediyon shagon ta mutu a tsakiyar wata waƙa. Wanda ake yi wa aski ya ja tsaki. Kanari, da almakashi a hannu, sai ya ɗora daga inda waƙar ta tsaya. Tela ya jiyo ta bango, ya shiga yi masa kiɗa da harshe daidai da bugun keken ɗinkinsa. Direba ya saki wata murya daga can ƙasan ƙirji. Kawu ya leƙo da dutsen guga a hannu, ya cike tsakiya. Mutumin nan ya ƙi tashi daga kujera sai da aka maimaita masa.

Ranar aka haifi ƙungiyar da suka sa wa suna Baki Huɗu.

Kowa da abin da ya zo da shi. Kanari ya zo da waƙoƙin da suke yi a layi da safe lokacin yana makaranta. Direba ya zo da kaset-kaset da yake kwasowa a ƙasashen da yake kai kaya, na mutanen da ko yarensu ba ya ji, amma ya haddace yadda suke jera murya kan murya. Tela ya zo da bugun keke. Kawu kuma ya zo da waƙoƙin reno na mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, waɗanda ta yi wa 'ya'ya tara. Waƙar da ta fi fito da su ma tata ce, suka yi mata ƙari.

To, Kawu yana da wata ɗabi'a. Kafin kowace waƙa sai ya yi gyaran murya, wani ɗan "hmmm" mai tsawo, a hankali. Direba ya sha tsokanarsa, yana cewa a haɗa a saya wa tsoho maganin tari. Kawu ya yi dariya ya ƙyale shi.

Shekara ashirin suna tare. Sunansu ya zaga, har gidan rediyo ya shirya musu taron cika shekara ashirin a babban zaure, za a watsa kai tsaye. Mako guda kafin ranar aka gayyaci Kanari hira.

Nan fa kai ya yi hayaki. Mai gabatarwa ta tambaye shi tarihin ƙungiyar da inda suka samo salonsu. Bawan Allahn nan ya gyara hula ya ce duk daga kansa abin ya fito. Shi ya tara su, shi ya koya musu. Bai ambaci kaset ɗin Direba ba, bai ambaci keken Tela ba. Mahaifiyar Kawu kuwa, ko a tari bai kawo ta ba. Wallahi ni da nake ba ku labarin ma sai da na ji kunya ta kama ni.

Bai tsaya nan ba. Da ya dawo ya tara su ya ce muryar Kawu ta tsufa, kuma wannan gyaran muryar in ya shiga makirufo duniya za ta ji, abin kunya ne. Gara Kawu ya huta a gida, su uku sun isa.

Tela ya nuna masa ba daidai ba ne. Direba ya ce shi fa wasa yake yi da maganar maganin tari. Kanari ya kafe, ya ce ko a yi haka ko shi ba zai hau dandamali ba. Kawu bai yi musu ba. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma kan rigar da yake gogewa.

Tela ya ce to aƙalla su gwada su uku kafin ranar. Kanari ya ce waƙar da suka yi shekara ashirin suna yi, wane gwaji kuma?

Ranar ta zo. La'asar sakaliya, zaure ya cika maƙil, matan aure da yara har bakin ƙofa. Jar fitilar gidan rediyo ta kama, alamar duk gari na ji.

Shiru.

Su uku suna tsaye, kowa na jiran wani abu, kuma ba wanda ya san me yake jira. Kanari ya ga shirun ya yi yawa, sai ya buɗe baki ya ɗauko waƙar renon nan. Ya ɗauko ta can sama.

Waƙar kuwa hawa uku take yi, kamar matakala. Hawan farko ya wuce lafiya. A na biyu jijiyoyin wuyansa suka tashi, Direba yana lalube a ƙasa ya rasa inda zai dafa. A na uku muryar Kanari ta tsage, ta yi wani ƙiii kamar ƙofar da ta daɗe ba ta ga mai ba. Tela ya daina kiɗan harshensa. Wata mata a gaba ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Mai gabatarwa ta yi maza ta sa talla.

A bayan zaure Tela ne ya fara gano bakin zaren. Ya ce masu jita, jita ke gaya musu inda za su fara. Su da ba su da komai fa, wa ke gaya musu? Ashe wannan "hmmm" ɗin da suke wa dariya shi ne muryar farawa. Kunnuwansu sun saba kama ta har ba su san suna kamawa ba.

Tela ya dubi Kanari ya ce, "Baki Huɗu ta mutu yau. In kana so ta tashi, ka san ƙofar da za ka buga. Ni dai ba zan sake tsayawa kusa da kai ba sai da shi."

Kwana uku Kanari bai buɗe shago ba. A na huɗu ya fito, ya wuce ƙofarsa, ya tsaya a ta Kawu. Ya yi sallama da wata 'yar murya. Kawu ya amsa, yana ƙoƙarin ninke wani babban zanin gado shi kaɗai.

"Kama nan," in ji Kawu.

Kanari ya kama gefe biyu. Suka ja, suka haɗa, suka sake ja. A nan, kansa a ƙasa, ya ce ya yi kuskure, ya ci amanar tarihi, ya raina abin da bai sani ba. Ya roƙi gafara.

Kawu ya ce masa ai ba wuri ɗaya yake ajiye muryar farawar kullum ba. Tun daga gaisuwar safe yake sanin inda maƙogwaron Kanari zai iya kaiwa a ranar. In ya ji mura a muryarsa, sai ya sauke ta kaɗan. In ya ji ta garau, sai ya ɗaga. Haka yake yi duk shekarun nan.

Kanari ya tambaye shi ko ya saurari shirin.

"Na saurari farkonsa," in ji Kawu. "Maganar da ka yi a hira ba ta hana ni barci ba, ɗana. Abin da ya ci mini rai shi ne, kana buɗe baki na ji inda ka ɗauko ta, na san daidai inda za ka faɗi, kuma ba ni da hanyar da zan gaya maka. Sai na kashe rediyon. Ba zan iya jin ka kana faɗuwa ba."

Kanari, ƙato da gemunsa, sai ga hawaye shar. Ya kifa fuska a kan zanin da ke hannunsa.

Kawu ya janye zanin ya ce kada ya jiƙa wa mutane kaya, yanzu ya gama gogewa. Sannan ya ce gobe in an tashi daga aiki ya zo da Tela da Direba, akwai wata waƙar tsohuwarsa da bai taɓa koya musu ba.

Darasi: Kada ka raina ɗan abin da wani yake yi a gefenka don kawai ba ka san amfaninsa ba. Sau da yawa wanda ba a tafa wa shi ne yake riƙe da wanda ake tafa wa. In Allah ya ɗaga ka, ka faɗi gaskiyar inda ka samo, ka ambaci waɗanda suka koya maka tun suna raye. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokan aiki, musamman ga wani Kawu da ke rayuwarku wanda ba ku taɓa ce masa na gode ba.