Muntari da Fentin Mangaza

A Galma akwai wani mai fenti, Muntari. Hannunsa na da kyau, amma Allah bai ba shi haƙuri ba. Ko shayi bai iya jira ya huce.

Wata shekara ƙungiyar mata masu noman albasa ta ba shi aikin rufin mangazarsu, inda suke ajiye iri har damina ta wuce. Kwanon rufin ya tsufa, sai a shafa masa fentin roba ya toshe ramukan ƙusa. Muntari ya samo wani sabon fenti mai sheƙi a Madawa, ya nuna wa wansa Abdulmajid, wanda ke aikin gwajin kayan gini a Tawa.

Abdulmajid ya ce, "Kak ka yi gaugawa. Cikin rana akwai wani haske da ido bai gani, shi ka cin roba. Mu can injin muka sa fenti ciki, mai hitila irin wanga haske, mu auna sheƙi da launi. Kai shahwa ma gutsuren kwano biyu, guda bisa ɗaki, guda cikin ɗaki. In bazara ta wuce ka gwama su, ka murza baƙin ƙyalle. In ya ɗauko gari, fentin ya mutu."

Muntari ya yi dariya. "Rana ba zahi ta ba? Yanzu ni ka gwada shi."

Ya shafa wa gutsuren kwano fentin, ya kanga shi a bakin murhu har ya ƙi taɓuwa. Fenti bai ko motsa ba. Washegari ya haye rufi ya shafe shi tas.

Amma wuta daban, hasken rana daban. Kafin bazara ta ƙare sheƙin ya dushe, fentin ya yi fari, ya tsattsage. Ba wanda ya hau ya duba. Damina ta zo, ruwa ya riƙa ɗiga kan buhunan iri.

Ran da aka buɗe mangaza don ɗauko irin shuka, warin ruma ya tarye matan. Aka kirawo Muntari. Gwaggo Tabawa, shugabar matan, ta damƙo irin da ya cure ya yi baƙi, ta zuba wa Muntari a tafin hannu.

"Ɗana, ga shi. Kai za ka hwaɗa muna abin da za mu shibka bana."

Muntari ya kasa ɗaga kai. Wallahi abin ya ba ni tausayi, domin fadamar matan haka ta kwana babu ko kwamin albasa ɗaya da aka shuka a shekarar.

Mai karatu, kada ka gwada abu da abin da ba shi zai fuskanta ba, don kawai ya fi sauri. Gwaji na gaskiya yana son lokaci, kuma gaggawar mai sana'a sau da yawa wasu ne take cutarwa.