Mutumin da Yake Fige Tantabarunsa

Akwai wani mutum a wani ƙauye, manomi, mai kiwon tantabaru. Ba ya kai su kasuwa, ba ya kuma sa su a miya. Son su kawai yake yi. Ya gina musu ɗaki a bayan rumbu, ya jera tukwane a jikin bango inda za su yi ƙwai, ba ya kuma rasa musu dawa ko da damina ta yi gardama.

Tun yana saurayi shaho ya taɓa ɗauke masa wata tantabara a gaban idonsa, bai kuwa manta ba. Saboda haka ya tsara wa kansa hanya. Duk ɗan shilan da ya fara gwada fiffike, sai ya kama shi ya fige masa dogayen gashin. In gashin ya sake tsirowa, ya sake figewa. In wata ta yi ƙoƙari ta hau katanga, akwai tarin tsakuwa a bakin ƙofa da aka ajiye domin wannan hidima. Ba ya jifa don ya same ta, in ji shi. Don dai ta san katanga ba wurin zama ba ce.

Shekara bakwai ba wadda ta ɓace masa, yakan kuma faɗa wa duk wanda ya tsaya sauraro. Gaskiya yake faɗi, domin ba su da abin ɓacewa da shi. Suna yawo a tsakar gida da ƙafa kamar kaji masu ladabi, da sun ji ƙarar takalminsa sai su ruga cikin tukwane. Shi kuwa ya sa wa wannan suna biyayya.

A cikinsu akwai wata mai jan wuya. Uwarta ta mutu tana 'yar shila, shi ya riƙa jiƙa gero yana ɗura mata da hannunsa har ta rayu. Ita ya fi so, saboda haka ita ya fi figewa.

Mutumin yana da yaya, gwauruwa, sunanta Bilhatu, a ɗaya gefen ƙauyen. Ita ma tana da tantabaru, amma nata wuni suke yi a fadama. Da la'asar sai ta fito da gwangwanin dawa tana kaɗawa, tana rera wata waƙar sujada da muryar da ba a taɓa roƙonta ta shiga ƙungiyar mawaƙa ba, su kuwa sai su zubo daga sama. A shekara shaho yakan ɗauke mata ɗaya ko biyu. Ƙanen nata ya sha gaya mata cewa wannan sakaci ne, ita kuwa ta sha cewa ta ji.

Ana nan, wata damina ya hau gyaran jinkar rumbu, ya zamo ya karya ƙafa. Mai ɗori ya ce sai ya yi kwana arba'in a kwance. Ya aika wa Bilhatu ta riƙa zuwa tana ba tantabarun tsaba, ta kuwa zo kowace safiya ba fashi.

Kwana arba'in sun ishi gashi ya tsiro. Ranar da ya fito tsakar gida yana dogara sanda, tantabarun suka ji motsinsa, suka zabura za su gudu kamar yadda suka saba, sai gudun ya ɗaga su sama. Mai jan wuya ce ta fara haye katanga. Ta zaga gidan sau ɗaya, sauran suka bi ta, suka tafi. Ya tsaya da sandarsa yana kallon inda suka bi har wuyansa ya gaji. Rana ta faɗi, ba wadda ta dawo.

Kashegari ya ɗingisa zuwa gidan yayarsa, ya tambaye ta dalilin da ya sa ba ta fige su ba.

Ta ce, "Auta, tsaba ka ce in ba su, tsaba na ba su. Ga su can a kan jinkata. Je ka kira abinka."

Ya je ya tsaya a ƙarƙashin jinkar, ya buɗe baki. A nan ya gane ba shi da kira. Shekara bakwai bai taɓa kiran tantabara ba, kamawa yake yi. Sai ya miƙa hannu. Hannun kuwa sun san shi sarai, suka tashi gaba ɗaya.

Ya dawo ya zauna kusa da ita, ya ce zai kafa musu kwando da igiya. Bilhatu ta ce kamawa ba wuya, za ta ma ara masa kwandon. "Sai dai ka yi ƙoƙari kada ka ƙara karyewa," in ji ta, "kada kuma ka tsufa."

Sai ya ce, "To Yaya, yaya zan yi? Mai jan wuyan nan da hannuna na raine ta."

Ta dube shi, wannan karon ba da zolaya ba. Ta ce ya koma gida ya kwashe tsakuwar nan daga bakin ƙofa, ya share tukwane, ya zuba ruwa da 'yar kanwa a kasko, ya watsa dawa kowace la'asar yana kaɗa gwangwani, sa'an nan ya zauna. Ya tambaya har kwana nawa. Ta ce ba ta sani ba.

Haka ya yi. Mako na farko kajin maƙwabta ne suka amfana. Mako na biyu ma haka. Duk tsuntsun da ya gilma sai ya ɗaga kai, ko da hankaka ne. Mutane suka fara cewa faɗuwar nan ba ƙafa kaɗai ta taɓa ba.

A mako na uku, yana zaune, sai ya ji fiffike. Ga ta a kan katanga, daidai inda ya sha jifanta. Bai taɓa ganinta da cikakken gashi ba; ashe ta fi yadda ya san ta kyau. Ta daɗe tana dubansa da ido ɗaya, ta juya ta dube shi da ɗayan, sa'an nan ta sauko. Ta yi ta tsattsage dawar tana matsowa, har ta zo inda hannu zai kai. Hannun kuwa bai manta aikinsa ba, har yatsun sun fara motsi. Sai ya ɗauke shi ya zauna a kansa.

Ta ci, ta sha ruwa, ta tashi ta nufi gidan Bilhatu. Ya miƙe ya ƙara ruwa a kaskon. Har yau ba ta kwana a gidan ba, amma takan zo. Tukunyarta tana nan a share.

To, ma'anar wannan misali ita ce, in har tana bukatar faɗi: mutumin nan mu ne, iyaye, tantabarun kuwa 'ya'yanmu. Muna son su, ba wanda ya ce ba ma so. Amma yaro ya fasa kwano mu ambata masa wuta. Haddar aya da bulala a gefe. Ba ma cewa "Allah yana ganinka" sai lokacin da ya yi laifi, har ya girma yana tsammani Allah wani mai tsakuwa ne a bakin ƙofa. Ya zauna tsit a sujada, mu ce ya ba da gaskiya. Wataƙila ya bayar. Ba za mu sani ba sai ranar da ƙafarmu ta karye, wato ranar da ya tafi makaranta ko birni, inda idonmu ba ya kaiwa.

Wani zai ce ai shaho gaskiya ne. Gaskiya ne, Bilhatu ma ta yi asara, ban kuma ce a daina horo ba. Amma horo ya zo da bayani, gafara ta biyo shi ba da jan rai ba, uba kuma ya iya ce wa ɗansa, "Na yi kuskure, ka yafe mini." Su ji muryarmu tana addu'a dominsu, ko da ba ta da daɗi. Wannan ne kiran da za su gane daga nesa. Haka Ubangiji ya yi da mu: bai fige mu ba, ko da yake ya san inda za mu bi. Ya sauko inda muke, ya buɗe hannuwansa, aka buga musu ƙusa a buɗe. Wannan shi ne alheri.

Ku kuwa da naku suka riga suka tashi, suna can a kan jinkar wani, ba zan ce muku gobe za su dawo ba; ni ma ban sani ba. Ku kwashe tsakuwar. Ku zuba ruwa. In sun sauko kusa, ku zauna a kan hannunku.